Isiyaku Gwangwani Yana Jiran 'Yar Baƙa

A bakin kakata Uwa na fara jin sunansa, ina 'yar shekara biyar ko shida. Ranar an sauke abincin rana, an zuba na Babanmu an rufe, har miya ta yi sanyi bai shigo ba. Uwa ta leƙa zaure, ta dawo tana tafa hannu, ta ce, "Ku ci abinku. Ubanku yana can kan gada wajen Isiyaku Gwangwani, suna musun ƙwallon da babu wanda ya ga shigarta." Na daɗe ina zaton wani mai sayar da gwangwanaye ne. Sai da na yi wayo na gane ɗan'uwa ne na jini, ɗan ƙanwar kakanmu, wato taubashin Babanmu, abokin wasansa. Mu Baffa muke ce masa. Abin da na rubuta a nan na tattaro shi ne daga bakinsa, da bakin matarsa Inna Ummulkhairi, da na Babanmu, wanda ya ce in rubuta cewa bai yarda da rabinsa ba.

An haifi Isiyaku a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, 'yan shekaru kafin ruwan madatsar Tiga ya iso yankin. A ranar kuma aka haifi Babanmu Lukmanu, amma a Dawakin Kudu, inda Uwa ta je haihuwar fari gidan iyayenta. Babu agogo a can, babu a nan. Masu kai albishir suka yi kiciɓis a hanya, kowa ya ce nasa ne ya riga faɗowa. Aka yi suna rana ɗaya, aka bar yaran da gadon rigima: wane ne zai ce wa wani Yaya?

Da aka yanka kanal aka raba filaye, sai gonar mahaifin Lukmanu ta faɗo a bakin ƙofar ruwa, ta mahaifin Isiyaku kuwa can a wutsiya. Wanda ya san noman rani ya san me wannan ke nufi. Idan aka buɗe ƙofa, na farko-farko su jefa bututunsu su ja ruwa su ƙoshi, na tsakiya su sami saura, na wutsiya su zauna suna kallon busasshiyar rariya. Isiyaku ya ce shi jira ya fara koya kafin ya koyi riƙe fartanya. Shi ya sa har yau ba a taɓa ganinsa yana gaggawa ba, ko da akuya ta shiga fangalin albasarsa.

A shekarar 1996, yana ango, tumatirinsa ya yi kyau irin wanda bai taɓa yi ba. Ya bi motar kwanduna zuwa Legas, bayan ya yi wa amarya alkawarin keken ɗinki. Kwana tara ya dawo rungume da kwali. Ummulkhairi ta tara maƙwabta, aka buɗe, sai ga wani baƙin akwati mai baki a samansa, da igiyoyi, da abin dannawa guda biyu da ake kira hannu, da kaset-kaset masu kauri kamar sabulun wanki.

Ta ce, "Ina wajen sa zaren?"

Ya ce, "Wannan ba ta ɗinki. Na'urar gem ce. Ƙwallo ake bugawa a cikinta."

Ta dube shi, ta dubi akwatin, ta ce wa maƙwabta su yi haƙuri su koma gida. Keken bai zo ba sai bayan shekara biyu, kuma har gobe idan ta zauna a kansa takan ce ita ce ta biyu a layi, 'Yar Baƙa ce ta farko. Daga bakinta sunan na'urar ya fito, ya kuma zauna.

Isiyaku ya share ɗakin da ke jikin zaurensa, a bakin hanyar gona, ya ajiye talabijin da ƙaramin janareta, ya buɗe shago. Daga azahar zuwa magariba yake buɗewa, bayan kowa ya gama ban-ruwa. Samari da magidanta suka riƙa zuwa da laka a ƙafa, suna tura 'yan mitsi-mitsin mutane suna bin ƙwallo, ana ihu kamar an ga kura a gari. Idan kaset ya ƙi kamawa, Isiyaku ya zare shi, ya hura masa iska sau uku, ya mayar, ya kama. Ba wanda yake yarda ya hura sai shi.

Dokokin shagon biyu ne, kuma duka daga gona ya ɗauko su. Ta farko, layi. Bai yarda da wanda ya riga zuwa ba. Wanda gonarsa take wutsiyar kanal shi ne farko, a biyo da na tsakiya, na bakin ƙofa su zama ƙarshe. Ya ce sun sha da safe, su jira da yamma. Wannan doka, kowa ya sani, saboda mutum ɗaya aka yi ta. Lukmanu yakan zo tun kafin a kunna janareta, ya zauna a benci yana kallon yaran da ya girme su suna wucewa gabansa.

Yakan ce, "Kai Isiyaku, ka ji tsoron Allah. Ni na ce a sa gonarku a can?"

Isiyaku ya ce, "Ni ma ban ce a sa taku a can ba, ƙanena. Zauna ka ɗanɗana. Ai ba ya kisa, ga ni nan da raina."

Doka ta biyu ita ce ta ba shi suna. Bai yarda da agogon da ke cikin wasan ba, ya ce bai san wanda ya saita shi ba. Sai ya samo gwangwanin madara, ya huda gindinsa da ƙaramar ƙusa, ya cika bokiti da ruwan kanal. Idan wasa zai fara, ya ɗora gwangwanin a kan ruwan. Ruwa ya yi ta shiga a hankali, da ya nutse ya ce ƙulum, wasa ya ƙare, ko da ƙafarka tana kan ƙwallo a bakin raga. Mutane suka gwada dabaru iri-iri. Akwai wanda ya toshe hudar da cingam, aka hana shi shiga shago sati biyu.

Shekara bakwai ana haka. Rannan, a tsakiyar kakar tumatir ta 2003, taubasan nan biyu suka yi shawara a gaban jama'a cewa maganar Yaya ta isa haka. Za a buga wasa ɗaya, gwangwani ɗaya, wanda aka ci ya ce Yaya har ƙarshen ransa. Shago ya cika, wasu suna leƙe ta taga. Isiyaku ya ɗauki masu koriyar riga kamar kullum, Lukmanu ya ɗauki masu ruwan ɗorawa. Isiyaku ya ci biyu, Lukmanu ya rama ɗaya. Gwangwani ya yi nauyi, bakinsa kawai ake gani. Sai ɗan wasan Lukmanu ya ɓalle da ƙwallo, ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, ya narka ta. Lukmanu ya yi tsalle yana ihu, ƙafarsa ta kwashi bokitin, ruwa ya tafi gaba ɗaya a kan 'Yar Baƙa. Talabijin ya yi fari, wani ɗan hayaƙi ya tashi.

Isiyaku ya ce gwangwani ya nutse kafin a buga, da kunnensa ya ji ƙulum. Lukmanu ya ce ƙwallo ta shiga gwangwani yana sama, biyu da biyu ne. Masu kallon talabijin ba su kalli bokiti ba, masu kallon bokiti ba su kalli talabijin ba. Aka kai ƙara wajen Uwa, ta ce su tashi su ba ta wuri, su sake wasan. Suka amince, da sharaɗin kaset ɗin nan dai za a sa, don shi Allah ya tsare shi, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Kaset ya tsira, amma na'ura ta tafi. Isiyaku ya binne ta a buhun shinkafa kwana arba'in don ta bushe, ta fito da ƙwari a baki, ba ta ko motsa ba. Ya kai ta Kano wajen masu gyara uku. Ya sayo tsofaffi biyu a kasuwa, ɗaya ba ta kunnuwa, ɗaya bakinta ya yi wa kaset ɗinsa kaɗan. Aka ce masa kamfanin ma ya daina yin na'ura. Kafin a jima samari suka koma na'urori masu faifai, daga baya suka koma waya. Ya rufe shago, ya mai da shi ɗakin ajiye taki. Kaset ɗin kuwa ya naɗe shi a tsohuwar hula ya sa a ƙasan akwatinsa, duk Juma'a ya ciro shi ya hura sau uku. Musu ya koma kan gadar kanal, inda su biyun suke zama kullum bayan ban-ruwa, fiye da shekara ashirin, kowa yana kiran ɗan'uwansa ƙanena.

Shekara uku da suka wuce Isiyaku ya fara tuntuɓe da abubuwan da ke gefensa. Ya taka bututun maƙwabcinsa, ya wuce surukinsa a hanya bai gaishe shi ba. A asibitin ido a Kano aka ce hawan jinin ido ne, aka ba shi maganin ɗigawa, aka gaya masa gaskiya: abin da ya tafi ba zai dawo ba, abin da ya rage shi ake lallaɓawa. Shi da kansa ya kwatanta min. Ya ce kamar mutum yana leƙe ta cikin bututun ban-ruwa, kuma kowace shekara ana canza masa bututun da wanda ya fi siranta. Bai yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ya ce yana damunsa, kada bututun ya toshe bai gama wasansa ba.

Ana nan, bara bayan girbin shinkafa, sai ga Mudassiru mai gyaran waya a Kura ya zo kan gada a kan babur, ko tsayawa bai gama yi ba yana ɗaga waya. Mudassiru yana cikin waɗanda suka taso a shagon, shi ne ma na cingam, yanzu da 'ya'yansa huɗu.

"Baba Isiyaku! 'Yar Baƙa za ta dawo! Ana ta faɗa a intanet, wai kamfanin nan zai fito da sabuwa."

"Kamfanin ne ya faɗa?"

"Bai faɗa ba tukuna. Wani ne ya ce wani ya gani. Amma ga hoto."

Hoton dishi-dishi ne, kamar an ɗauka ana gudu. Wani baƙin abu ne a kan tebur. Kafin la'asar duk tsofaffin 'yan shago sun hallara, masu furfura da masu tumbi, waya tana yawo hannu zuwa hannu. Wani ya ce wannan ba sai da talabijin ba, a bango take haskawa. Wani ya ce ya ji da hasken rana take aiki, saboda mu aka yi ta. Mudassiru ya ce abin da ya karanta shi ne ƙarama ce kamar tafin hannu, an zuba tsofaffin wasanni a cikinta, amma wasu sun ce ƙarya ne, babba ce. Lukmanu ya karɓa, ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce shi dai murfin tukunya yake gani.

A ƙarshe wayar ta iso hannun Isiyaku. Ya kawo ta daidai tsakiyar idonsa, ya daɗe, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Tana da baki?"

A saman baƙin abin akwai wani siririn layi. Mudassiru ya buɗa hoton da yatsu har ya farfashe. Rabin gada suka ce bakin kaset ne, rabi suka ce inuwa ce, wani ya ce wajen shan iska ne. Isiyaku ya tsinko karan shinkafa, ya auna layin a kan gilashin wayar, ya karya daidai, ya sa a aljihu. Da ya je gida ya gwada a gindin kaset ɗinsa, ya ga karan bai kai ba. Washegari ya sa Mudassiru ya ƙara buɗa hoton kaɗan, ya sake aunawa, ya zo daidai cif. Ya sanar wa gada cewa an tabbatar.

Lukmanu ya ce, "Idan ya ƙara buɗawa ai har buhun taki zai shiga."

Isiyaku ya ce, "Kai ba a tambaye ka ba, mai ƙafar ɓarna."

Daga nan ya yi abin da duk manomin wutsiya yake yi idan ya ji ƙishin-ƙishin za a saki ruwa. Ba a jira sai ruwa ya zo, tun kafin nan ake yashe rariya. Ya kira gayya, aka kwashe taki daga tsohon shago, aka share, aka shafa farar ƙasa. Ya sa kafinta ya yi kanta. Ya fito da gwangwanin, wancan na asali, ya goge tsatsarsa da toka. Ya tsara layi, mutum talatin da ɗaya, daga wutsiya zuwa ƙofa, amma ya ce wasan farko nasa ne da na ƙarshen layi, wato Lukmanu. Inna Ummulkhairi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ita an taɓa yi mata sharar ɗaki saboda keken da ba a gani ba, ta san yadda abin yake ƙarewa.

Sai ya tuna cewa manomi ba ya zama kawai, yakan rubuta wa ofis. Ya aiko aka kira ni, don a dangi ni ce mai ajiye littafin haihuwa da rasuwa, kuma an san ba na ƙari a magana. Ya yi ta faɗa ina rubutawa, kamar takardar neman ruwa. Bayan gaisuwa mai yawa, mu manoman rani na wannan yanki muna roƙo a bar wa sabuwar na'ura baki, faɗinsa kamar na da. A rage maɓallai, uku sun isa. A yi ta yadda ruwa ba zai shiga ba, saboda akwai wani mutum a nan. A kuma hanzarta, bai faɗi dalili ba. Mutum talatin da ɗaya suka sa hannu, wasu da dangwale. Babanmu ya sa nasa a ƙarshe, ya ce don kada a ce tsoro yake ji.

Na mayar da ita Turanci, Mudassiru ya tura ta wayarsa. Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta shigo: sun karɓi saƙo, sun gode, ra'ayinmu yana da muhimmanci a wurinsu. Isiyaku ya miƙe tsaye. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin ofishin da ya amsa takarda kafin mai kai ta ya sa takalmi ba. Na ga bai kamata in bar shi a haka ba, na ce, "Baffa, wannan fa ba mutum ne ya rubuto ba, inji ne yake amsa wa kowa haka." Ya ce, "To ai inji muke nema, Saliha. Ga shi ya amsa da kansa."

Rani ya wuce, damina ta wuce. Jita-jita ta ce bayan sallah, sallah ta zo ta tafi, ta ce ƙarshen shekara. Wani sabon hoto ya fito babu layin a sama, Isiyaku ya ce wannan ta baya aka ɗauka. A wannan tsakanin ne ya daina hawa keke, ya koma tafiya da sanda.

Wata ranar Laraba da la'asar, Lukmanu ya ga Isiyaku ya miƙa hannu zai ɗauki butarsa a kan gada, ya lalubo gefe. Washegari Lukmanu ya sa sabuwar riga, ya tafi zauren Isiyaku, ya yi sallama, ya rusuna kaɗan, ya ce, "Yaya, ina wuni?"

Isiyaku ya juyo da kansa gaba ɗaya, yadda yake yi yanzu idan zai kalli mutum.

"Me ka ce?"

"Na ce Yaya. Na tuna, gwangwanin ya riga nutsewa. Ka ci."

Inna Ummulkhairi ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa jin muryarsa ta tashi haka ba. "Ni za ka yi wa sadaka, Lukmanu? Shekara ashirin kana rantsuwa ta shiga, yau ka ga na lalubi buta sai ka tuna? Ɗauki Yayanka ka mayar aljihu! Ni ɗan wutsiya ne, amma ban taɓa shan ruwan da aka sako min don tausayi ba. Layina nake jira."

Lukmanu ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce, "To shi ke nan, ƙanena. Dama ta shiga. Kuma ranar da abar nan ta zo, biyar zan zuba maka, kana gani ko ba ka gani."

Isiyaku ya koma ya jingina, ya ce, "Yawwa. Yanzu ka yi magana. Ummulkhairi, kawo wa yaron nan ruwa."

Tun daga ranar nakan ga Babanmu a zaune a tsakar gida yana motsa manyan yatsunsa a kan murfin kwano, idan ya ga ina kallo ya ce sanyi ne yake damun gaɓoɓinsa.

Har ranar da nake wannan rubutu kamfanin bai ce uffan ba. Ba mu san ko tana da baki ba, ba mu ma san ko akwai ta ba. Shago yana nan a share, kanta babu komai a kai sai gwangwani.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan zuwan Babanmu, Baffa ya sa aka kira ni. Na same shi a zaure da hular nan a cinya, ya gama hura kaset. Ya ce in zauna daidai gabansa inda zai gan ni.

Ya ce, "Saliha, an ce ba kya ƙarya, ko don ubanki. Haka ne?"

Na ce ina ƙoƙari.

Ya ce, "To ga abin da nake so. Ranar da ta iso, ba a shago za a yi wasan farko ba, a tsakar gidan nan za a yi, don ki samu zama. Yatsuna sun san hanya, ba su manta komai ba. Idan ido ya kai, shi ke nan. Idan bai kai ba, ki zauna a damana ki riƙa gaya min inda ƙwallo take, masu koriyar riga ne nawa. Idan ya ci ni, ki faɗa, kada ki rage min ko ɗaya. Ki rubuta a littafin nan naki, kusa da ranar haihuwarmu."

Na ce to, Baffa.

Ya naɗe kaset ɗin a hankali, har na yunƙura zan tashi, sai ya ɗaga hannu.

"Saura ɗaya, kuma ita ce babba. Bokitin. Ki tabbata kina tsakanin ubanki da bokitin."